Rariyar NDA: abin da gwajin lafiya ke tacewa, da abin da yake zubarwa

Idan ka taɓa karanta tallar ɗaukar ɗalibai ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soji da ke Kaduna, za ka lura cewa kusan kowane sharaɗi yana da lamba. Shekaru daga 17 zuwa 21. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68. Kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, sannan makin JAMB. Amma da an zo kan lafiya sai lambobi su ɓace, a bar ka da jimla guda: dole mai nema ya kasance lafiyayye, mai ƙoshin jiki. Shi ke nan. Wace lafiya? Da wane ma'auni? Wa zai sake dubawa idan an yi kuskure? Tallar ba ta ce komai ba. Alhali wannan gajeriyar jimlar tana iya mayar da yaro gida bayan ya ci jarrabawa, ya ci gudu, ya kashe kuɗin da gidansu ba su da shi.

Bari in share wata ƙura tun yanzu. Ba ina cewa a daina gwajin lafiya ba ne. Makarantar da aka kafa tun 1964 don ta fitar da mutanen da za su jagoranci wasu a fagen daga tana da cikakken haƙƙin ta zaɓi jikin da zai ɗauki nauyin. Yaro mai sikila, wato mai jinin SS, idan aka sa shi gudun kilomitoci da kaya a baya cikin zafin watan Afrilu, an jefa ransa cikin haɗari ne kawai. Haka mai farfaɗiya, haka mai ciwon zuciyar da bai san yana da shi ba. Likitan da ya tsayar da irin wannan yaron ya yi masa gata. Ƙorafina a wani wuri yake: rariya ɗaya ake zuba abubuwa mabambanta, abin da ke kisa, da abin da magani ke warkarwa cikin mako biyu, da abin da ba cuta ba ne ko kaɗan, duk su fito da suna ɗaya, "bai cancanta ba".

Me ya sa na ɗauko zancen daga Sabon Birni da Isa? Saboda babu inda tambayar wa zai zama hafsan soja ta fi nauyi kamar can. Ka san abin da gabashin Sakkwato ya gani. A watan Mayun 2020 an kashe mutane sama da 70 a rana guda a ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙona matafiya a cikin mota a yankin. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun 'yan bindiga. Dubban mutane sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Yaron da ya tashi a nan ya san dajin, ya san hanyoyin babur, ya san harshen, ya san wane ƙauye ke biyan harajin dole. Rundunar da ke yaƙi a wannan ƙasa ta Gobir tana buƙatar irinsa a cikin masu ba da umarni, ba a cikin masu karɓa kaɗai ba. To idan rariyar ta zubar da shi, ya kamata a ce dalilin ya kai ya kawo.

Mu fara da tafin ƙafa, don shi ne misalin da ya fi ba ni haushi. A tallace-tallacen ɗaukar jami'an tsaro a Najeriya an saba ganin jerin waɗanda aka ce kada ma su nema: mai gwame, mai ƙafar baka, mai in'ina, da mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, wato wanda tsakiyar tafinsa ba ta da wannan lanƙwasar, idan ya taka ƙasa duk tafin ke sauka. Tunanin tsoho ne, an gaje shi daga likitocin sojan Turawa: wai irin wannan ƙafar ba ta jure doguwar tafiya. An gwada wannan tunanin kuwa. A 1993 Cowan da abokan aikinsa sun buga binciken da suka yi kan kurata 246 na sojan ƙasa na Amurka. Sun auna tafin ƙafarsu kafin horo, sannan suka bi su tsawon makonni 12 suna ƙirga wanda ya ji rauni. Abin da ya fito ya juya zancen: masu shimfiɗaɗɗen tafi su ne suka fi ƙarancin rauni, masu doguwar lanƙwasa su suka fi jin jiki. Bincike ɗaya ba ya yanke hukunci a kimiyya, gaskiya ne, kuma mutum 246 ba wani taro ba ne. Amma a yau ƙa'idar sojan Amurka ba ta hana mutum don tafinsa a shimfiɗe yake, sai idan tafin ya sandare ko yana yi masa ciwo. Bambancin kuwa ana gane shi cikin minti ɗaya: ka ce wa yaron ya ɗage a kan yatsunsa. Idan lanƙwasar ta bayyana, ƙafar lafiya lau take. Wanda ya shekara goma yana bin shanu ko yana tafiya gona a ƙasa bai ji komai ba, ƙafarsa ta riga ta ci jarrabawar da ta fi ta likita wuya.

Sai batun jini, inda jita-jita ta fi yawa. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu yana ɗauke da AS. Ka shiga duk inda masu neman aikin soja ke hira, za ka ji ana tambaya da fargaba: ni AS ne, za a cire ni? Wani ya ce e, wani ya ce a'a, wani ya ce sai kana da hanya. Ka ga illar rashin rubuta ƙa'ida ke nan, kowa ya zama mufti.

Ga abin da kimiyya ta sani. AS ba sikila ba ne. Mai AS yana da kwafi ɗaya na ƙwayar halittar sikila da kwafi ɗaya na lafiyayya, kuma a rayuwar yau da kullum ba ya jin komai. Hasali ma dalilin da ya sa abin ya yaɗu a ƙasashenmu shi ne yana kare yaro sosai daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Sai dai tsoron da sojoji ke yi ba daga iska ya faɗo ba. A 1987 Kark da abokansa sun buga nazari a mujallar New England Journal of Medicine kan kurata sama da miliyan 2 da suka yi horon farko a Amurka tsakanin 1977 da 1981. Sun ga cewa mutuwar fuju'a a lokacin horo ta ninka kusan sau 28 a tsakanin baƙaƙen fata masu AS idan aka kwatanta da waɗanda ba su da shi. Lambar tana da ban tsoro, ko da yake a zahiri mutum kusan 32 ne cikin 100,000. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka haɗa wahala mai tsanani da zafi da ƙishirwa, tsoka na iya fara narkewa, abin da ta zubar cikin jini ya toshe ƙoda ko ya rikita bugun zuciya.

To me suka yi? Ba su kori masu AS ba. Sun gyara horon ne ga kowa da kowa: a auna zafin rana, a sha ruwa a kan lokaci, a ƙara nauyin motsa jiki sannu a hankali, a huta idan zafi ya kai wani mizani. A 2016 wannan mujallar dai ta sake buga wani nazarin, na Nelson da abokan aikinsa, kan baƙaƙen sojojin ƙasa 47,944 tsakanin 2011 da 2014. A ƙarƙashin sabon tsarin, masu AS ba su fi sauran mutuwa ba. Haɗarin narkewar tsoka ya ɗan fi yawa a wurinsu, da kashi 54 cikin 100, amma ka san abin mamaki? Daidai wannan ƙarin aka gani a wurin masu shan taba. Ban taɓa jin an ce mai shan sigari ba zai iya riƙe bindiga ba. Darasin da ke nan ga Kaduna, inda rana ba ta wasa, shi ne haɗarin yana cikin yadda ake horon fiye da yadda yake cikin jinin yaron. Kuma ƙasar da rubu'in 'ya'yanta ke da AS ya kamata ta fito fili ta rubuta matsayinta a kan wannan, da dalilinta, kowa ya karanta.

Ciwon hanta nau'in B daban yake, kuma a nan dole in ba likitocin soja gaskiyarsu. Soja a fagen yaƙi yana iya zama mai ba ɗan'uwansa jini cikin gaggawa, yana ɗaukar masu rauni da hannunsa, sannan wanda cutar ta zauna masa yana cikin haɗarin lalacewar hanta ko kansa nan gaba. Amurka ma tana hana wanda cutar ta zauna masa shiga. Amma ka duba wa abin ke faɗawa. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita. Mafi yawansu sun kamu ne tun suna jarirai ko ƙananan yara, daga uwa lokacin haihuwa, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita, kaciya ce, cire belu ne, ko tsaga. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma. Babban mutum kuwa idan ya kamu, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsu na kore ta da kansa. Rigakafinta ya shiga jadawalin yara a Najeriya tun 2004, wato duk mai neman NDA a yau an haife shi ne a zamanin da allurar take. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato ne suka samu cikakken rigakafin farko, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar, yayin da Anambra ke da kashi 76. Wato gwamnatin da ba ta kai wa jariri allura a Gatawa ko Tsamaye ba, ita ce bayan shekara 18 za ta ce masa jininsa bai yi ba.

Ko a nan ɗin ma akwai abin gyara a kimiyyance. Gwaji ɗaya da ya nuna alamar cutar a jini ba ya bambanta wanda ya kamu watan jiya, wanda wataƙila zai warke sarai, da wanda ke ɗauke da ita tun haihuwa. Likitoci ba sa cewa ta zauna sai alamar ta wuce wata shida. Ga kuma matsalar da duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji ya sani: babu gwajin da ba ya kuskure. Mu yi lissafi na misali. A ce kana da gwaji mai kyau, wanda sau ɗaya kawai cikin ɗari yake cewa lafiyayye yana da cuta. Ka gwada lafiyayyun yara 1,000. Goma za su fito da sakamakon ƙarya. Idan gwaje-gwajen sun kai goma, na jini, na fitsari, na ido, na ƙirji, kowanne da nasa ɗan kuskuren, to adadin lafiyayyun da aƙalla gwaji ɗaya zai yi wa ƙazafi ya doshi ɗari. Shi ya sa a asibiti ba a yanke hukunci da gwajin tantancewa, sai an tabbatar da na biyu. Hawan jini ma haka: yaron da ya kwana a mota daga Isa, bai yi barci ba, ga tsoro, ga soja tsaye a kansa, awon jininsa zai iya hawa ba tare da yana da ciwon ba. Ƙa'idar likitanci ita ce a sake aunawa a wata rana daban.

Akwai kuma waɗanda magani ke gamawa da su. Jini a fitsari, a wurin yaron da ya tashi yana wanka a gulbin Rima ko Bunsuru, abu na farko da likita zai zarga shi ne tsargiya, kuma ƙwayar praziquantel na kashe tsutsar. Ƙarancin jini daga zazzaɓi ko tsutsar ciki yana gyaruwa cikin makonni. Ƙaba aikin tiyata ne na ƙasa da awa ɗaya. Ɗan birni wanda mahaifinsa ya san likita zai gano waɗannan tun kafin ya sayi fom, a yi masa magani, ya je Kaduna tsaf. Ɗan ƙauyen da asibitin garinsu ma'aikata suka gudu saboda tsaro, ranar tantancewar ce ranar farko da wani ya taɓa ɗibar jininsa.

Za ka iya cewa, ai ana raba guraben ne jiha-jiha, don haka Sakkwato ba ta asarar komai. Haka ne, jihar ba ta asara. Amma gurbin da ɗan Sabon Birni ya rasa ba ya komawa Sabon Birni, yana zuwa ne ga na gaba a jerin jihar, kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da ba daidai suke ba wajen asibiti da abinci. Ɗauki sharaɗin tsawo. Tsawon mutum ana gina mafi yawansa ne da gado da kuma abincin kwanaki 1,000 na farko, daga ciki zuwa shekara biyu. Wancan binciken na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18. Yaron da ya tsaya a mita 1.66 ba rago ba ne, wataƙila yunwar wata damina ce da bai ma tuna ta ba. Ga matuƙin jirgin yaƙi, awon jiki yana da dalili, don kujera da ɗakin tuƙi suna da girmansu. Ga wanda zai jagoranci sojojin ƙasa ko ya yi aikin sadarwa, ina son in ga hujjar santimita biyun nan. Makantar launi ma haka take. Wanda ba ya bambance ja da kore bai dace da tuƙin jirgin ruwa ko na sama ba, domin fitilar hagu ja ce, ta dama koriya, kuskure a nan rai ne. Amma NDA rundunoni uku take yi wa horo, kuma ba kowane aiki ne ke rataye a kan launi ba.

Yanzu ga yadda wasu suka warware wannan. A Amurka ma'aunin lafiyar shiga soja takarda ce da kowa zai iya saukewa daga intanet, umarnin ma'aikatar tsaro mai lamba 6130.03. Ta lissafa cuta bayan cuta, har da iyakoki, misali asma tana hana mutum ne idan ta ci gaba bayan ya cika shekara 13. Mai neman shiga West Point ko takwarorinta na ruwa da na sama, wata hukuma ce daban da ake kira DoDMERB ke duba lafiyarsa. Idan akwai shakku sai ta nemi ƙarin gwaji ko takardun asibiti. Idan ta ce bai cika sharaɗi ba, za ta faɗa masa wane sharaɗi ne. Daga nan makarantar da kanta tana da ikon duba lamarinsa shi kaɗai ta yi masa sassauci, idan likitocinta sun gamsu cewa matsalar ba za ta hana shi aiki ba kuma horon ba zai ƙara masa ita ba. Ba kowa ke samu ba, kuma akwai cututtukan da ba a sassauta su. Tsarin nasu ma ba wankakke ba ne, don har zuwa 1981 makarantar sojan samansu tana rufe ƙofa ga masu AS, sai da aka kai ta kotu. Amma ka lura, an iya ƙalubalantar dokar ne saboda a rubuce take.

Na san abin da ke ranka, don ni ma ya zo mini. A Najeriya, da ka ce "sassauci" ka buɗe ƙofar alfarma. Ɗan wane zai shiga da asmarsa, ɗan talaka a kore shi da ƙaramin tabo. Wannan tsoron gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Sai dai ka tambayi kanka, a wane yanayi alfarma ta fi jin daɗi, inda ƙa'ida ke rubuce kowa na gani, ko inda take cikin aljihun tebur? Idan babu rubutaccen ma'auni, mai hanya ba ya buƙatar wani sassauci a hukumance, waya ɗaya ta ishe shi, kuma ba za a bar wata alama ba. Wanda ba shi da kowa shi ne ke buƙatar takarda. Sassaucin da aka rubuta sharuɗɗansa, kwamitin likitoci ya sa hannu, aka ajiye dalili a fayil, aka bayyana adadin waɗanda suka samu daga kowace jiha duk shekara, ya fi wuyar sacewa fiye da shiru.

Abin da nake nema bai kai tsadar motar sulke ɗaya ba. A buga ma'aunin lafiyar tare da tallar, da Turanci da manyan harsunan ƙasar, domin wanda ya san ba zai wuce ba ya huta da kashe kuɗin mota zuwa Kaduna. Duk wanda aka cire a ba shi sakamakonsa a rubuce, a asirce, tare da inda zai je neman magani. Wannan ba ma batun adalci kaɗai ba ne, batun lafiyar jama'a ne: yaron da aka gano yana da ciwon hanta yana buƙatar ya sani, don akwai magani irin su tenofovir da ke danne cutar, kuma ƙannensa da matar da zai aura suna buƙatar gwaji da rigakafi. A sake gwajin da ya fito da matsala kafin a yanke hukunci. Wanda matsalarsa mai warkewa ce a ba shi wa'adi ya dawo, ko a riƙe masa nasarar da ya samu zuwa shekara mai zuwa, tunda tsakanin 17 da 21 damar ba ta da yawa, kuma yaran da rashin tsaro ya rufe musu makaranta sukan gama sakandare a makare.

Kafin a kai ga haka, idan kai ne mai nema ko ƙaninka ne, kada ka jira Kaduna ta faɗa maka abin da ke jikinka. Wata shida kafin tantancewa ka je babban asibiti, in da hali asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a duba maka nau'in jininka na sikila, da ciwon hanta B da C, da fitsari, da ido har da gwajin launi, a auna hawan jini a ranaku biyu ko uku. In ba ka da ciwon hanta B, ka karɓi rigakafin, allura uku ne cikin wata shida. In an same ta, ka nemi likitan hanta, ka rabu da masu sayar da jiƙon da wai yana "wanke jini" kafin gwaji. Ba ya goge alamar cutar, kuma wasu daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗen hantar da ƙodar suke ƙara lalatawa. Duk takardar da aka ba ka kuma ka adana ta, ka tafi da ita.